Ɗan kasuwa ba ya ɓoye hajarsa, don me ɗansa injiniya zai ɓoye tasa?

Yau maganarmu da ku ce, iyayenmu da ƴan'uwanmu ƴan kasuwa na Ɗan Isa, Jibiya, Ƙonni, Illela, Magarya da Maigatari, ku da kuka kwashe shekaru kuna cire ribar wake, albasa da yadi kuna biya wa yaro karatun injiniya, ga shi ya ƙare amma yana zaune rumfa yana jiran kiran da bai zo ba.

Kwanan baya wani saurayi ya same mu a gidan rediyo ɗauke da takardar da ake kira CV, wato takardar da mai neman aiki ke bayyana karatunsa da abin da ya iya. Shafi uku ce cur. Ya sa sunan makarantar firamare, ya sa cewa yana son ƙwallo, ya sa cewa shi mai haƙuri ne. Da muka zanta da shi, sai muka gano cewa shi ne ya haɗa wa shaguna shida na layin mahaifinsa wutar hasken rana, shi ya lissafta faifai da batir, shi ke gyara idan ta lalace. Muka ce masa ina wannan cikin takardar? Ya ce ai wannan aikin kasuwa ne, kunya yake ji. To, a nan gizo ke saƙar.

Ku kun fi kowa sanin cewa ba a cinikin biri a sama. Mai saye yana son ya ga haja, ya taɓa, ya auna. Haka mai ɗaukar ma'aikata yake: takardu sun taru gabansa, ba ya da lokacin karanta tarihin kowa. Saboda haka a ganinmu shafi ɗaya ya ishi wanda ke neman aikinsa na farko. Sama ya sa suna, lambar waya mai shiga da adireshin imel mai ɗauke da sunansa na gaskiya. Sai digiri ko difloma ta ƙarshe da shekararta. Sai aikin da ya yi na ƙare karatu da wurin da ya yi staj, da abin da hannunsa ya taɓa a can. “Na yi staj wata uku” ba ta gaya wa kowa komi. Amma “na auna ginshiƙai goma sha biyu, na zana su da AutoCAD” magana ce mai mudu. Gyaran injin niƙa, famfon lambu ko injin wuta duk su shiga, tare da adadi da shekara.

Abu na biyu, mu mutanen iyaka ne. Matatar mai ta SORAZ a Damagaram ta fara aiki a 2011. Bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin ya fara kai mai a 2024. An kuma aza tubalin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya a 2021. Irin waɗannan ayyuka kan haɗa kamfanonin waje da ƴan kwangila na gida, wasu da Faransanci, wasu da Ingilishi. Yaro ya tanadi takardarsa cikin harsunan biyu. Wanda ya fito EMIG ta Yamai ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, kada ya ɗauka mutumin Kano ya san abin da BTS ko lisans ke nufi. Wanda ya yi HND a Nijeriya shi ma kada ya ɗauka mutumin Yamai ya san ta. Ya rubuta shekara nawa ya yi bayan sakandare. Hausar ma ya sa ta, domin injiniyan da ke iya yi wa leburori bayani da harshensu ba abin yarwa ba ne.

Abu na uku shi ne gaskiya. Wasu yaran kan tafi shagon kwamfuta su kwafi takardar wani, su canza suna kawai, har su ce sun iya manhajar da ba su taɓa buɗewa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne: tambaya biyu a wajen ganawa ta isa ta tona asiri, kuma wanda ya yi ƙarya kan lissafin ƙarfe, gobe gini zai rufta kan mutane.

Mun san za ku ce mana a ƙasashen nan sai da hanya ake samun aiki. Ba mu musa ba, akwai wannan. Amma ko wanda zai miƙa takardar ɗanka ba ya son a kunyata shi da shirme. Kuma muna gargaɗinku da masu cewa a kawo kuɗi su sama wa yaro gurbi. Kuɗin gumi ne, kada ku zuba su rijiya.

Alhaji, Hajiya, ko ba ku karanta boko, ku sa yaro ya fassara muku takardarsa da Hausa yau da dare. Duk inda kuka ji yabon kai babu aiki, ku ce a cire. Duk aikin da kuka gani da idonku ya yi amma bai faɗa ba, ku ce a sa. Daga nan ya kai wa tsohon malaminsa ko wani injiniya ya duba kurakurai. Idan kana da kyau, ka ƙara da wanka.

Allah ya ba yaranmu abin yi na halal, amin.