Ɗaliban Ƙonni a jami'o'in Najeriya: Hausa na ɓoye nauyin da ke kansu

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hanyar zuwa karatu Faransa ta ƙuntata ga matasan Nijar. Faransa ta dakatar da bayar da biza a Yamai, daga baya kuma ta rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024. Guraben karatu na Maroko da Aljeriya da ake nema ta hukumar ANAB ba sa isar kowa, a jami'o'in gida kuma an daɗe ana kukan yadda shekarar karatu ke hawa kan wata. Don haka ba abin mamaki ba ne idan mai sabuwar takardar BAC a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, ya juya fuskarsa kudu. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba, alhali Yamai ta haura 400. Faɗuwar darajar Naira tun daga 2023 ta ƙara wa mai riƙe da Sefa ƙarfin hali.

Lissafin da iyaye ke yi a zaure mai sauƙi ne: kuɗin rajista nawa, ɗaki nawa, abinci nawa, buhun albasar Galmi nawa za a sayar a rufe shekara. Ba a saka nauyin karatun kansa a cikin lissafin, kuma shi ne ke kayar da yara.

Abin da ke yaudarar kowa shi ne Hausa. Yaron da ya tashi a Ƙonni ko Tsernawa, idan ya tsallaka Illelar Najeriya (ba Illelar jihar Tawa ba, garuruwa biyu ne masu suna ɗaya) ya shiga Sakkwato, ba ya jin ya bar gida. Karin harshen kusan ɗaya ne, tuwon ɗaya ne, wataƙila ma yana da ƙanen uba a kasuwa. Mai kabu-kabu da mai shayi da abokan ɗaki duk da Hausa za su yi masa magana. Ɗan uwansa da ya tafi Turkiyya ya san ba makawa sai ya zauna ya koyi harshe kafin ya taɓa littafin fanninsa, kuma kullum ya fita sayen burodi yana cikin darasi. Wanda ya je Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuwa yana iya yin wata guda bai furta jimlar Ingilishi goma ba a wajen aji. A cikin aji kuma lacca da takardun malami da tambayoyin jarrabawa duk da Ingilishi suke. Wannan yaro ya yi shekara 13 yana karatu da Faransanci, shida a firamare, huɗu a kwaleji, uku a lise. Ingilishin da ya sani na sa'o'i kaɗan ne a mako, kuma idan ɗan sashen kimiyya ne, darasi ne da bai taɓa hana shi barci ba.

Rikicin farko yana faruwa ne tun a ranar rajistar kwasa-kwasai. A Nijar ana bin tsarin LMD, wanda ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007: shekara uku ta lasisin digirin farko, kiredit 180, wato 30 a kowane zangon karatu. A Najeriya digirin farko shekara huɗu ne a yawancin fannoni, kuma ƙa'idar hukumar NUC ita ce ɗalibi ya ɗauki tsakanin yunit 15 zuwa 24 a zango. Yaro ya ga an rubuta masa 20, ya tuna abokinsa na Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa yana ɗauke da 30, sai ya ɗauka ya samu rangwame. Ma'aunin ba ɗaya ba ne. Kiredit na LMD yana ƙirga dukkan aikin ɗalibi, na aji da na gida. Yunit ɗin Najeriya sa'ar da aka zauna gaban malami kawai yake ƙirgawa, sa'a ɗaya a mako har tsawon mako 15, a ɗakin gwaje-gwaje kuma sai an yi kamar sa'a uku kafin a ba da yunit ɗaya. Ke nan yunit 20 na nufin aƙalla sa'a 20 na lacca a mako, a rarrabe cikin kwas takwas ko tara ko goma, kowanne da malaminsa da gwajinsa da aikin gidansa. Karatun dare ba ya cikin adadin.

A wannan karatun daren ne ɗan Ƙonni ke biyan haraji sau biyu. Abokin ajinsa ɗan Wamakko zai karanta shafi goma sau ɗaya ya tashi. Shi kuwa zai karanta da waya a hannu, yana mayar da kalma zuwa Faransanci, wani lokaci ya sake mayar wa kansa da ita Hausa, kafin ya fara tunanin abin da malamin ke nufi. Sau da yawa ilimin yana da shi. Wanda ya ci BAC na sashen C ko D ya riga ya ga mafi yawan lissafin da ake yi a ajin farko na jami'a. Sai dai sanin amsa daban, gane tambaya cikin minti biyu daban.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba wanda ke faɗa musu. A makarantun Nijar da waƙafi ake raba lamba da gutsurenta, a rubuta 3,5. A Najeriya da ɗigo ake yi, 3.5, waƙafi kuma na dubbai ne. Kuskuren ɗigo ɗaya a lissafin magani ko na injiniya ya isa ya cinye makin tambaya gaba ɗaya. Wanda ya koyi buga rubutu a kan allon kwamfuta na Faransa zai tarar haruffan A da Q da M sun sauya wuri. An horar da shi a lise kan doguwar muƙala mai gabatarwa da hujja da kishiyar hujja, sai ga shi gaban kwamfuta ana ce masa ya zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu, agogo na tafiya. Sannan ga kwasa-kwasan gama-gari da ake kira GST, waɗanda dole ne kowa ya ci: ɗaya kan amfani da Ingilishi, wani kan al'ummomi da al'adun Najeriya. Yaron da ya haddace tarihin Diori Hamani da Seyni Kountché yanzu ana tambayar sa haɗewar Arewa da Kudu ta 1914, abin da abokan ajinsa suka sha tun suna firamare.

Babban ramin shi ne tsarin maki. A gida 10 cikin 20 ce iyaka, kuma tsarin LMD yana da sassauci: idan ka samu 8 a wani darasi, 12 a ɗan uwansa na rukuni ɗaya na iya ɗauke ka, idan abin ya ƙi akwai zagaye na biyu na jarrabawa. A Najeriya a jami'o'i da dama 40 cikin 100 ce makin tsira, wanda a ma'aunin gida 8 ne cikin 20. Da jin haka sai yaro ya saki jiki. Amma kowane kwas da ƙafarsa yake tsayawa, babu wanda ke ɗaukar wani. Wanda ka faɗi ya zama kariyoba, za ka sake ɗaukar sa baɗi a kan kayan baɗin, kuma sifirin da ka samu ya riga ya shiga jimillar makinka da ake kira CGPA, wadda ke bin ɗalibi daga zangon farko har ranar da zai fita. Maki 70 zuwa sama ke ba da 5, shi kuwa 40 ɗin da ake murna da shi 1 tal yake bayarwa. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, mai daraja ta biyu babba daga 3.50.

Ma'anar wannan ita ce shekarar da ɗan Nijar ya fi rauni a harshe, wato ta farko, ita ce ke kafa tubalin sakamakonsa. Ko da bakinsa ya buɗe a aji uku ya koma yana cin 70, makin shekarar farko na nan yana jan sa ƙasa. Kariyoba biyu ko uku daga ajin farko kuma sun isa su cika masa yunit 24 a aji biyu, su hana shi ɗaukar wani kwas na dole, daga nan shekara huɗu ta zama biyar. A gida ba wanda zai ce harshe ne. Za a ce yaron ya shiga birni ya lalace.

Wannan duk kafin a zo ga abin da ba ya hannun kowa. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan takunkumin ECOWAS ya sake rufe iyakar Ƙonni da Illela daga 2023 har zuwa Maris 2024. Bayan kowane irin wannan tsaiko akan matse zangon karatu don a cike giɓi, kuma matsatsen zango ya fi cutar da mai karatu a hankali.

Masu cewa a bar yara su faɗa ruwa su koyi iyo suna da hujjarsu. Akwai 'yan Nijar da suka yi hakan suka fito da sakamako mai kyau, suka dawo da harsuna uku a baki, abin da ke da tsada a kasuwar aiki ta yau. Ba wanda ke cewa kada a je. Amma waɗanda suka haye su ake gani a bikin yaye ɗalibai. Wanda ya dawo shiru bayan shekara biyu ya kama shago a bakin iyaka ba ya cikin hoton, kuma kuɗin albasar da aka kashe a kansa ba ya dawowa.

Hukumomi ma ba su da wurin fakewa. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Idan da gaske ake Ingilishi harshen aiki ne, to babu inda ya fi cancanta a fara gani a ƙasa kamar waɗannan gundumomi uku, inda ciniki da aure da jinya duk ke tsallaka iyaka kullum. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, tana iya buɗe ajin share fage na wata shida zuwa tara a Ƙonni ga masu BAC da ke shirin tafiya Najeriya ko Ghana. Ba Ingilishin gaisuwa ake nufi ba. Ana nufin karanta babi na littafin ilimin sinadarai, rubuta rahoton gwaji, sauraron lacca da ɗaukar bayani, da yin jarrabawa a kwamfuta. Malaman da za su iya wannan suna nan kusa, a Sakkwato akwai jami'ar tarayya da ta jiha da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Magadan gari da 'yan kasuwar yankin, har da kamfanin siminti na Malbaza da ke buƙatar injiniyoyi, ba za su rasa abin da za su sa a ciki ba.

Su ma jami'o'in da ke karɓar kuɗin ɗaliban waje, wanda yawanci ya fi na 'yan ƙasa, akwai haƙƙi a kansu. Bai dace a karɓi rajistar yaro a tura shi aji ba tare da an gwada Ingilishinsa ba, ko a bar shi ya cika takarda da yunit 24 a zangon farko saboda ba wanda ya zauna da shi. Malamin da ke kula da aji yana iya ba shi shawarar ya tsaya kusa da mafi ƙarancin abin da doka ta yarda, ya ƙara daga baya idan kunnensa ya buɗe.

'Yan uwa da ke Legas ko Abidjan ko Turai, waɗanda galibi su ke turo kuɗin makaranta, su ne suka fi kowa ikon canza tambayar da ake yi wa ɗalibi a waya. "Yaushe za ka gama?" ba ta fito da komai sai ƙarya mai daɗi. A tambaye shi kwas nawa ya yi wa rajista, yunit nawa ne, akwai kariyoba ko babu, a kuma ce ya turo hoton takardar sakamakon zango. Kafin ma a zaɓi fanni, a binciki yadda takardar za ta yi aiki idan an dawo, domin digirin waje sai an nema masa takardar daidaitawa a Yamai, kuma wanda ya karanta shari'a a Najeriya tsarin Ingila ya koya, alhali kotunan Nijar kan tsarin Faransa suke tafiya.