Ƙandarewar Fata: Cutar da Man Shafawa Ba Ya Kai Mata

Idan hunturu ya kankama a Dutsi da sauran garuruwan shiyyar Daura, ba abin mamaki ba ne mace ta ga yatsunta sun yi sanyi bayan alwalar asuba. Abin dubawa shi ne idan yatsun suna koɗewa, su yi duhu, su yi zogi kafin jini ya dawo, sa'annan bayan watanni fatar ta kumbura, ta ɗame, ta ƙandare tamkar ƙirgi. A hankali baki ya tsuke, ƙwannafi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, fari da baƙi su cakuɗu a ƙirji da goshi. Dangi sukan ce kuturta ce, ko sammu. Likitoci kuwa suna kiranta sikilerodama, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar fata mai tauri. Ba ta da alaƙa da sikila, ba ta yaɗuwa, kuma ko da yake a fata ake ganinta, ba nan gizo ke saƙa ba.

A ƙarƙashin fata, da cikin huhu da hanji, akwai ƙwayoyin halitta da aikinsu ya yi kama da na masaƙi: su ke saƙa zaren kolajin da ke riƙe da sassan jiki. In an ji rauni, garkuwar jiki ta aika musu da saƙo su ɗinke wurin, in ya warke su dakata. A wannan cuta, ƙananan jijiyoyin jini ne ke fara lalacewa, garkuwar jiki ta ɗauka an yi rauni, ta dinga aika saƙon ɗinki ba ƙaƙƙautawa. Babban ɗan aiken shi ne sinadarin TGF-beta, sai irin su IL-6 da IL-13. Masaƙan sukan rikiɗe su zama masu jan zare da ƙarfi, har su fara samar da saƙon da kansu. Sakamakon shi ne tabo inda ba a ji ciwo ba. A fata yana hana naɗe yatsu. A huhu yana hana numfashi, kuma matsalar huhu ce kan gaba wajen kashe masu cutar a yau.

Sinadaran homon ma suna da hannu. Cutar ta fi kama mata, ninki uku zuwa huɗu ko fiye, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa estirojin, homon ɗin mata, yana iya ƙara wa masaƙan himma. Sai dai namijin da ta kama ya fi shan wuya, kuma binciken da aka yi a Amurka ya nuna tana zuwa wa baƙar fata da wuri, da tsanani. Ga maza, ƙurar dutse na cikin abubuwan da ke tayar da ita: a 1957 likita Erasmus ya bayyana yawaitarta a tsakanin masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu. Wannan gargaɗi ne ga masu fasa dutse da masu niƙan ma'adinai a Arewa.

Akwai wani homon da ya fi kusa da hannun talaka, kuma a nan haɗarin yake. Firedinisolon da dangoginsa kwaikwayo ne na kotisol, homon da jiki ke samarwa, kuma a kemis ake sayen su babu takardar likita, don ciwon gaɓoɓi ko don ƙiba. Suna kwantar da zogi, shi ya sa ake yarda da su. Amma ga mai wannan cuta, shan miligiram 15 ko fiye a kullum yana ƙara yiwuwar hawan jini na farat ɗaya da ke durƙusar da ƙoda cikin kwanaki. A da, wannan hukuncin kisa ne. Tun da aka samu kaftofuril da ire-irensa ana tsira, muddin an gano da wuri.

Saboda haka kuskure ne a ce cuta ce ta manyan asibitoci kawai. Gaskiya ne ba ta da yawa, kuma ma'aikacin lafiya a Dutsi yana fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, waɗanda suka fi ta kisa nesa ba kusa ba. Gaskiya ne kuma sababbin magunguna, kamar nintedanib da Amurka ta amince da shi a 2019 da tocilizumab mai toshe saƙon IL-6 a 2021, sun fi ƙarfin aljihun manomi. To amma abin da ake nema a ƙaramin asibiti ba ya cin kuɗi: a tambayi yadda yatsu ke yi da sanyi, a tsunkuli fatar bayan yatsa a ga ko tana ɗagowa, a auna jini, a hana shan firedinisolon barkatai, a tura mai ciwon Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika.

Iyali ma suna da nasu aikin. A ɗumama mata ruwan alwala da na wanke-wanke, a sama mata safar hannu da hunturu, a nisanta ta da hayaƙin taba, kada a ware mata kwano. Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da cutar ba, amma ana iya rage mata gudu, kuma shekarun farko ne suka fi muhimmanci, domin tabon da ya riga ya zauna a huhu ba ya komawa. Duk watan da aka ɓata ana shafa mai, masaƙan nan suna kan aiki.