Baƙin Manhajoji a Kwamfutar Shago

A wasu shagunan kwamfuta na Makarfi, inda ɗaliban Kwalejin Shehu Idris ke cike fom, saman Chrome ya cika maƙil da ƙananan manhajoji: ga ta sauke bidiyo, ga ta toshe talla, wasu ma mai shagon bai san wanda ya sa su ba.

Wannan sakaci ne. Da yawansu na da izinin karanta duk abin da aka rubuta a shafi, har kalmar sirri. A 2020 Google ya cire irinsu sama da 500 daga rumbunsa saboda damfarar talla.

Masu shaguna har Ikara da Kudan su riƙa duba jerin manhajojin duk mako, su goge wadda ba su sani ba, su hana kwastoma ƙara wata.