Ma'aunin da Ba Ya Zaɓen Kasuwa

Duk wanda ya ratsa Kura da Bunkure da rani zai ga alkama da tumatir da shinkafa kore shar, albarkacin ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Sai dai ruwan nan ba ya hana rigima, domin na bakin magudana kan sha ya ƙoshi, na ƙarshenta ya zauna jira. Shi ya sa lissafin ruwan da shuka ke buƙata ya zama babban al'amari, har Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da manhajar CROPWAT domin wannan aiki.

To, amma manhaja ɗan Adam ne ke rubuta ta, shi kuwa ajizi ne. Milimita 1 ta ruwa a kan hekta guda lita 10,000 ce, kuma hekta ta kai kusan eka biyu da rabi. Idan marubuci ya ɗauki eka a matsayin hekta, manhajar za ta ba manomi shawarar kwarara ninki biyu da rabi na abin da gonarsa ke so. Taki ya wanke, saiwa ta ruɓe, maƙwabci ya rasa.

Maganin wannan shi ne manhajar gwaji, irin su JUnit da Kent Beck da Erich Gamma suka soma a 1997. Aikinta shi ne ta ba manhaja lissafin da aka riga aka san amsarsa, ta duba ko ta dace. Amma gwajin yakan gudana ne ta hannun wata manhajar mai harhaɗa aikin, su ma kuwa iri-iri ne. Akwai Ant, akwai Maven ta 2004, akwai kuma Gradle, wadda Google ya zaɓa wa Android a 2013. Tun da akwai wayoyin Android da yawa a hannun manoma, magwajin da bai san kowa ba sai Maven ya bar gonar Kura a baya ke nan.

Masu ja da wannan sukan ce kowace ƙofa da aka ƙara sai an yi ta gadinta, masu aikin kuma 'yan sa-kai ne. Gaskiya ne. Amma JUnit 5 ta 2017 ta nuna mafita, inda ta raba injin gwaji da hanyar kiransa, sai ga Gradle da Maven duk sun karɓe ta kai tsaye a 2018.

Saboda haka ya kamata ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Bayero da ta Wudil su ɗauki wannan darasi tun daga aji. Duk magwajin da za su rubuta, su ware cikinsa daban, ƙofofinsa daban, yadda ƙara sabon maharhaɗi ba zai sa a rushe gini ba. Manomin da ke ƙarshen magudana bai san Gradle ba, amma rabonsa na ruwa ya dogara da ingancin wannan lissafi.