A Raya Ɗakunan Gwajin Cututtukan Numfashi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin hukuma game da gwajin PCR, wanda ake lakato majina daga can cikin hanci, na'ura ta riɓanya ƙwayoyin halittar cutar sau miliyoyi har a tabbatar da ko wace ce.

Da yake mura mai tsanani, da korona, da RSV mai addabar jarirai, alamominsu sun yi kama ainun, likita, komai zurfin iliminsa, in babu wannan hujja sai ya dogara ga zato, ya rubuta maganin kashe bakteriya, alhali kuwa ba shi da tasiri ko kaɗan a kan bairos.

Tun da korona ta ɓulla a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta yawaita ɗakunan gwaji a jihohi, har aka sanya na'urorin GeneXpert na tarin fuka cikin aikin. Haƙiƙa asara ce babba a bar su su lalace. Ina roƙon gwamnatocinmu su wadata su da sinadarai, da lantarki, da ƙwararrun ma'aikata, kafin hunturu ya kama.

Wassalam,
Mai karatu daga Kano