Wutar girki tana bakin turke

Duk wanda ya bi hanyar Kankiya zuwa Kusada da rani ya san abin da ake gani: tarin itace a bakin titi, buhunan gawayi, da gonaki da bishiyoyinsu ke raguwa shekara bayan shekara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gidajen da suka fara sabawa da tukunyar gas da yawa sun koma murhu. Mata ne ke shan hayaƙin, idanu jajur, yaro goye a baya yana tari.

In ana maganar sabon makamashi, hankali kan tafi ga manyan ayyuka: injinan iska na Lambar Rimi, ko yarjejeniyar tashar hasken rana da aka sa wa hannu a 2016 domin Kankiya. Muna maraba da su. Amma tuwon dare ba ya jiran lantarki, kuma abin da zai dafa shi yana nan bakin turke.

Ana kwaɓa ɗanyen kashin shanu da ruwa daidai-wa-daida, a zuba cikin ramin da aka gina aka toshe ruf, iska ba ta shiga. Ƙwayoyin halitta su ci, su fitar da gas wanda fiye da rabinsa mai kamawa da wuta ne. Bututu ya kai shi madafa, a ƙyasta ashana, wuta ta kama shuɗiya, ba hayaƙi, ba baƙin gindin tukunya. Zafin ƙasarmu ma taimakon aikin yake yi. In an tace gas ɗin, ya zama irin wanda ake ɗura wa motoci yanzu. Miliyoyin gidaje a Indiya da Sin da shi suke girki, gidajen yari a Ruwanda da shi suke dafa abinci. Nan kusa, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana gina irin waɗannan ramuka.

To me ya hana mu? Masu ƙaddamarwa su tafi. Su ne matsalar. A zo da motoci, a kafa rumfa, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, a tafi. Ba a koya wa maginin gari yadda zai toshe tsaga ba, ba a nuna wa uwargida yadda za ta fitar da ruwan da ke taruwa a bututu ba, ba a tambayi inda ruwan kwaɓi zai fito a watan Afrilu ba, lokacin da rijiyoyi suka ja baya. Ramin ya mutu, mutane su ce abin ba ya aiki. Yana aiki. Masu ƙaddamarwa su tafi ne ba su gama aikinsu ba.

Manomi zai ce: takina fa? Tambaya ce mai nauyi, domin a nan taki dukiya ne. Mun san yadda ake lodinsa a amalanke kafin damina, mun san kuɗin buhun takin zamani ya fi ƙarfin mai gona ɗaya. To ramin ba ya cinye taki. Abin da ke fitowa ta ɗaya bakin ruɓaɓɓen taki ne, warinsa ya ragu, shuka na saurin cin moriyarsa. Asarar gaske ita ce kandilon da ake ƙonawa da karan da ake turawa murhu, waɗanda gona ce ya kamata ta ci. Gero da dawarmu suna jin wannan rashi kowace damina.

Kada a fara da gida-gida. A fara da inda kashi ke taruwa kullum: kwata, kasuwar dabbobi, makarantun kwana, da masu shanun huɗa da ke kwana a turke. Shugabannin ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, hakimai da dagatai, duk wanda ya zo muku da wannan aiki, ku ce ya fara horar da maginanmu da matasanmu, ya nuna inda ruwa zai fito, ya faɗi wanda zai yi gyara bayan shekara. In bai amsa ba, kada ku ba shi fili.