A Daina Shimfiɗa wa Baƙo Gajiyayyiyar Katifa

Gidan ma'aikacin tarayya a Abuja masauki ne, ko ya so ko ya ƙi. Yau kawu ya zo tantance 'yan fansho, gobe gwaggo za ta ga likita a Asibitin Ƙasa. Amma sau da yawa abin da muke shimfiɗa musu shi ne katifar da yara suka gama da ita, tsakiyarta ta lotsa kamar ƙwarya. Kuɗin kuwa sun tafi ga kujerun falo. Kunya ce kawai ke hana baƙon magana.

Dattijon da ya wuni a mota daga Sakkwato, kuma zai yi sammakon bin layi, katifa mai ƙarfi bayansa ke buƙata. Wajen saye, nauyin soso ake dubawa kafin kauri: mai inci 6 mai nauyi ta fi mai inci 10 da ke nutsewa. A cire ledar da ta zo da ita, domin gumi take tarawa a zafin Maris. Zanin gado ya kasance na auduga, a kuma rataya gidan sauro.

Mai shakka ya kwana a ɗakin baƙinsa dare ɗaya kafin kawu ya sauka.